Ku daina jefar da tsoffin amfilifayan jita don kawai ba su da bawul

1/ Jiya wani yaro ya kawo min tsohuwar Peavey Bandit shago. Wai wani "masani" ya ce masa shara ce tunda tiranzista ce a ciki, ya sayar wa 'yan gwangwan ya tara kuɗin mai bawul. Raina ya ɓaci wallahi. Ku matso, yau sai na amayar da abin da ke cikina.

2/ Ga wanda bai sani ba: amfilifayan jita iri biyu ne. Akwai mai bawul, wato kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Akwai mai tiranzista. 'Yan intanet sun yanke hukunci cewa ta farkon ita ce sarauniya, ta biyun kuma baiwarta. Yawancinsu ko murfin baya ba su taɓa kwancewa ba.

3/ Na san inda baƙin jinin ya samo asali. A 1966 Fender ta fitar da jerin amfilifayanta na farko masu tiranzista, suka riƙa lalacewa, makaɗa suka guje su, bayan 'yan shekaru aka daina yin su. To, laifin wani ƙira na 1966 shi za a ɗora wa duk abin da aka ƙera bayansa?

4/ A 1975 Roland ta Japan ta fito da JC-120: sifika biyu masu inci 12, kowacce da nata wat 60. Har yau ana ƙera ta. Andy Summers na The Police ya kaɗa da ita. James Hetfield na Metallica da ita ya ɗauki sautinsa mai tsabta. Ba bawul ko ɗaya a cikinta.

5/ B.B. King fa? Shekaru da yawa Lab Series L5 yake hawa dandamali da ita, tiranzista zalla. Dimebag Darrell na Pantera kuma Randall mai tiranzista ce ta ba shi kaifin nan nasa. Je ka gaya musu kunnensu bai iya ba, kai da ka fara riƙe jita bara.

6/ Ban ce babu bambanci ba. Idan ka matsa wa mai bawul sautinta yakan karye a hankali, da taushi. Tsohuwar mai tiranzista idan ta kai iyakarta takan yanke sautin kai tsaye, ya fito da kaushi. Wannan gaskiya ne. Amma hali ne da ake sanin yadda za a zauna da shi. Kar ka ƙure ta, shi ke nan.

7/ Kuma mu duba inda muke. Wanda ke kiɗan biki a fili, janareta na hawa da sauka, ƙura na shiga ko'ina, a ɗora kaya a bayan babur. Bawul gilashi ne, yana fashewa, yana tsufa, sai an yi odarsa daga waje. Mai tiranzista ta fi jure wannan wahalar nesa ba kusa ba.

8/ Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana masu gyara, don mu ma muna da namu. Na buɗe wata da aka kai wani shago kafin ni: an cire fiyus an naɗa takardar sigari a gurbinsa. Fiyus na ƙonewa ne don ya ceci tiransifoma. Ka hana shi ƙonewa, ita ta ƙone. Oga, wannan kisa ne.

9/ Wasu kuma ba sa neman ciwon ma. Su fizge allon asali gaba ɗaya, su liƙa ƙaramin allo mai arha na kasuwa, su ce an gyara. Sauti ya fito, eh. Amma abin da mai ita ya biya kuɗi don shi yana cikin kwandon shara. Akwatin kawai ka mayar masa.

10/ Alhali yawancin ciwon tsoffin nan ƙanana ne. Gurnani mai kauri da ba ya tafiya ko ka rage murya? Duba manyan kondensa na ɓangaren wuta, bayan shekara 30 ko 40 sukan bushe. Ƙarar ƙaiƙayi idan ka murɗa maɓalli? Datti ne, a fesa masa mai wankewa.

11/ Sauti na ɗaukewa yana dawowa? Kafin ka zargi tiranzista, duba dalmar da ke ƙarƙashin ramin da ake soka wayar jita, takan tsage saboda yawan ja. Ramukan baya da ba a amfani da su ma sukan yi tsatsa a ciki su datse sautin. Gyaran minti goma ne.

12/ Idan za ka saya, ga gwajina. Sa mita a wayoyin da ke zuwa sifika, a kan DC, ba a kaɗa komai. Ya kamata ka ga kusan sifili. Idan ka ga bolt da yawa, kashe ta nan take, tiranzistocin ƙarshe sun samu matsala kuma za su gasa sifikar.

13/ Karanta rubutun baya kafin ka soka ta a bango. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take ci, tamu wutar 220 zuwa 230 ce. Soka ɗaya ta ishe ta. Kuma idan an rubuta om 8, kar ka jera mata sifikoki har nauyin ya sauka ƙasa da haka, zafi zai cinye ta.

14/ Wadda ta daɗe a ajiye, ta cikin kwan fitila mai zare nake fara ba ta wuta. Idan kwan ya haska ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗewa. Dan Allah in ba ka iya ba kar ka sa hannu ciki, manyan kondensa na riƙe wuta ko bayan an zare waya.

15/ Bandit ɗin yaron nan? Kondensa biyu, dalma a wuri uku, na wanke maɓallai. Ya soka jitarsa ya kaɗa, maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo yana tambayar wa ya zo. Da ya bi maganar masanin nan, da yanzu an auna ta a sikeli. In kana da irinta a ƙarƙashin gado, turo hoton rubutun bayanta a nan ƙasa, in gaya maka inda za ka fara dubawa.