Wa Zai Rubuta Tafiyar 'Yan Zinare?

Yau da 'yan uwana marubuta nake, kuma ban cire kaina ba.

Kwanakin baya ƙanen maiɗakina ya same ni a gida a Kawo, ya miƙo mini wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan firamare, duk ya yi jajir da ƙura. Ya ce, "Yaya, duba ko zai yi maka amfani, uwar yara ta fara yagar sa tana hura gawayi." A 2014, da labarin zinaren Jado ta Nijar ya game gari, yaron nan ya sayar da babur ɗinsa ya bi ayari. Abin da ya riƙa rubutawa ke nan a hanya, rabi da boko rabi da ajami. Akwai kuɗin mota daga Kano zuwa Damagaram, daga nan Agadas, daga nan Dirku. Akwai lissafin jarkunan ruwa da bashin da ya ci, da ranar da Hilux ɗinsu ta kafe a yashi. A wani shafi layi biyu ne kacal: sunan wani saurayi, da cewa sun rufe shi da rawaninsa don babu likkafani.

Wallahi ban runtsa ba sai asuba, kunya ce ta hana ni barci. Shekara da shekaru ina cika takarda da Alhaji mai Marsandi da budurwa mai dara-daran idanu, alhali ga labari a cikin gidana ana dafa shayi da shi!

Ku dubi Amurkawa. A Janairun 1848 aka tsinci zinare a Kalifoniya, a 1849 jama'a suka yi ɗango, cikin 'yan shekaru mutum wajen 300,000 suka isa can. Masu bin ƙasa sukan tashi daga bakin kogin Misuri cikin amalanken shanu mai rumfa, tafiyar mil kusan 2,000, wata huɗu zuwa shida, kwalara na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su yi arziki ba, amma da yawa sun riƙe alƙalami, in an yada zango su rubuta abin da ya faru a ranar. Waɗannan littattafai suna adane a ɗakunan karatunsu, daga cikinsu ake tsamo tarihi da ƙagaggun labarai da finafinai. Manoma ne da maƙera, ba furofesoshi ba.

Kada wani ya ce mini Bahaushe bai gaji rubutun tafiya ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa aka rubuta. Abubakar Imam ya yi Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya yi Motsi Ya Fi Zama. A hannunmu igiyar ta tsinke.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na sha fakewa da ita: wai masu karatu soyayya suke so, in ba ita ba babu mai biya. To wa ya ce babu soyayya a ramin zinare? Me ya kai yaron nan Sahara in ba kuɗin lefe ba? Matar da aka bari da goyo tana jiran waya wata shida, ba labari ba ce? Lalaci ne kawai. Zama a ɗaki a ƙago falo mai kujerun alfarma ya fi sauƙi a kan shiga mota a je a saurari mutane.

Ba ma sai an je Jado ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gidaje ake daka dutsen zinare, yara na shaƙar ƙurar. Likitocin MSF sun rubuta rahotanni, 'yan jaridar waje sun ɗauki hotuna. Uwar da ta binne 'ya'yanta fa, wa ya zauna ya ji ta bakinta da harshenta? Ga Birnin Gwari nan a jiharmu, zinare da bindiga sun cakuɗe. Nan da shekara hamsin, jikokinmu da Turanci za su karanta abin da ya same mu, daga bakin baƙo.

Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017, waɗanda suka je sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Kowace rana labari ke mutuwa. Don haka ina roƙon duk mai ɗan uwan da ya yi wannan tafiya, ya zaunar da shi, ya kunna waya ya naɗi muryarsa. Mai takarda ya ɓoye ta daga murhu. Malaman Gidan Arewa kuma, ga aiki a ƙofarku, ba takardun Turawan mulki kaɗai ne tarihi ba.

Ni dai na ajiye littafin soyayyar da nake kai, na fara kwafe na ƙanena shafi-shafi, da izininsa. Shafi tara na farko sun riga sun tafi a wuta.