Shekarun Duniya: Lissafin Ussher da Shaidar Duwatsu

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a Amurka, wadda ya kamata malaman makaranta su san kanta, gama ba a rasa yaro mai kaifin hankali da zai kawo ta cikin aji. Waɗansu Kirista suna cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba. Masana kimiyya kuwa sun auna duwatsu, sun ce shekarunta miliyan 4,550 ne. Shin ana iya riƙe maganganun nan biyu gaba ɗaya? Mu dai a ganinmu ba shi yiwuwa, ga kuwa dalilinmu.

Wannan adadi na 6,000 yana da asali. A cikin 1650 wani babban limamin kirista na ƙasar Ailan, James Ussher, ya bi jerin zuriyar da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya tara shekarun wane da wane, ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya aka riƙa buga lissafinsa a gefen shafi, har mutane suka ɗauka nassi ne. Malami ne na gaske, ya kuwa yi iyakar ƙoƙarinsa, amma a zamaninsa ba wanda ya san yadda a ke auna shekarun dutse.

Sai a cikin 1896 wani Bafaranshe, Henri Becquerel, ya gano cewa ma'adinin nan yuraniyam yana fid da wani haske wanda ido ba ya gani. Da aka bi diddigi sai aka ga ashe ƙwayoyinsa ne ke rikiɗa a hankali, suna fid da zafi, har su koma dalma. Rikiɗar nan tana da ƙa'ida. Misali, a ce kana da buhun gero wanda kowace shekara rabin abin da ya rage ke zama gari. In ka auna tsabar, ka auna garin, ai ka san shekarun buhun ba sai an gaya maka ba. Irin yuraniyam da ya fi yawa, rabinsa na rikiɗa cikin shekara miliyan 4,470. Ta wannan hanya Clair Patterson ya auna duwatsun da su ke faɗowa daga sama, ya bayyana shekarun duniya a cikin 1956.

Kowane akawu ya sani, in littafi ɗaya ya nuna kuɗi kaza ana iya zaton kuskure. Amma in rasit da littafin baitulmali da takardar banki duk sun faɗi abu ɗaya, mai bincike sai ya sa hannu. Haka abin ya ke a nan. Yuraniyam iri biyu ne, kowanne da saurin rikiɗarsa, ga kuma fotasiyam da nasa saurin dabam, duk da haka in an auna dutse ɗaya da su sai a ga amsarsu ta zo daidai.

Ba ma sai mun tafi nesa ba. A cikin 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Aka auna itacensa da ma'aunin kabon 14, wanda rabinsa ke rikiɗa cikin shekara 5,730, aka tarar ya kai shekara 8,000. Shi wannan ma'auni an gwada shi da zoben cikin itatuwa, waɗanda a ke ƙidayawa ɗaya ɗaya, har fiye da shekara 12,000. Watau akwai masassaƙi a ƙasar nan shekara dubu biyu kafin ranar da Ussher ya sa wa farkon duniya.

To, me masu wancan ra'ayi su ke cewa? Lalle mu yi musu adalci, ba su yi shiru ba. Tun 1961, sa'ad da Whitcomb da Morris suka buga littafinsu a kan ruwan Tufana, su ke neman amsa. Wata ƙungiyarsu mai suna Institute for Creation Research ta sa masananta bincike daga 1997 zuwa 2005. Suka amsa da bakinsu cewa duwatsu sun nuna rikiɗar da za ta ci fiye da shekara miliyan 500 bisa saurin yau. Sai suka ce wai an gaggauta ta ne a kwanakin halitta da shekarar Tufana. Amma fa garin neman gira sai a rasa ido. Rikiɗar ba ta rabuwa da zafi, in kuwa aka matse ta shekara miliyoyi cikin shekara guda, zafin ya isa ya narkar da duwatsu, balle jirgin katako da mutanen cikinsa. Su da kansu sun yarda ba su warware wannan ba. Wanda ya ce an kawar da zafin ta hanyar mu'ujiza yana da ikon gaskata haka, sai dai ya fita daga fagen awo, kada kuma ya kira shi kimiyya.

Kada wani ya ɗauka muna sukar addinin kowa ne. Cocin Katolika da na Ingila, da Kirista masu yawan gaske, sun karɓi shaidar duwatsu, bangaskiyarsu kuwa ba ta ragu ba. Tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce Agustin, limamin Hippo a Afirka ta Arewa, ya gargaɗi 'yan'uwansa kada su riƙa faɗin abin da masana suka san ba haka ba ne game da sama da ƙasa da sunan nassi, don kada su jawo wa nassin raini.

Saboda haka muna roƙon malamai, in yaro ya yi tambaya, a gaya masa yadda aka yi awon, da adadin da aka samu, da wanda ya fara lissafin 6,000. Kada a ce masa ya zaɓa tsakanin Mahaliccinsa da darasinsa. Yaron da aka ɓoye wa gaskiya, ran da ya gano ta da kansa ba zai ƙara amincewa da malaminsa ba, watakila ma har da abin da ya fi malamin girma.