Wai Jaruman Littattafanmu Ba Sa Cin Tuwo Ne?

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina na aji biyar aikin insha'i, na ce kowa ya rubuto mini shafi guda a kan abincin da ya fi so. Makarantar tamu ta karkara ce, yaran kuwa 'ya'yan manoma ne na Lausu da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Rano. Da na zauna duba takardun da daddare sai na yi ta cin karo da shawarma, shawarma, fiza, soyayyar shinkafa irin ta mutanen Sin, askirim. Wata yarinya ma cewa ta yi ita ba ta iya barci sai ta ci baga. Na san gidansu, na san mahaifinta, na kuma san ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a birnin Kano ba. Washegari na kira ta gefe na ce ta kwatanta mini yadda bagar take. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, a littafi na gani." Na ce to me ya hana ki rubuta abin da kika ci jiya da dare? Ta ce, "Malam, tuwo ne fa."

Wannan "fa" ɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa littafin da yarinyar nan take nufi namu ne, mu 'yan wannan ƙungiya da ire-irenmu muka rubuta shi. Duk mai bin littattafan da ake fitarwa a 'yan shekarun nan, na kasuwa da waɗanda ake turawa babi-babi ta WhatsApp da Wattpad, ya haddace yadda abin yake tafiya. Saurayi zai tsayar da tsaleliyar mota, ya zagayo ya buɗe wa budurwa ƙofa, su shiga wani "haɗaɗɗen" gidan cin abinci, sanyin na'ura ya daki fuskarsu. Sabis zai rusuna ya miƙo takardar jerin abinci, ita kuma ta yatsina fuska ta ce ba ta jin yunwa. Daga nan marubuci ya jero mana sunayen abinci bakwai da Turanci, rabinsu ma bai rubuta su daidai ba. Ta ɗan tsakuri cokali biyu ta ture farantin, shi kuma ya zaro bandir ɗin kuɗi ya ajiye, bai tsaya karɓar canji ba. Shi ke nan an tashi. A babi na gaba kuma a koma wani gidan, a sake maimaita karatun.

To tuwo fa, a ina yake fitowa? Sai a gidan muguwar kishiyar uwa, inda za a dangwara wa marainiya ɗumamen jiya da miyar kuka ba mai ba nama. Ko ranar da aka yi wa jaruma auren dole aka kai ta ƙauye, ta zauna gaban akushi tana sharar hawaye. Da zarar Allah ya yi mata buɗi ta auri ɗan mai kuɗi, ita da tuwo sun yi hannun riga har littafi ya ƙare. Wato mun mayar da abincin da ya raini marubucin da mai karatun ya zama horo, ya zama alamar da ake gane wanda duniya ta juya wa baya. Yaushe kuwa yarinyar da ta karanta irin wannan sau ashirin za ta yarda ta rubuta tuwo a takardar da malami zai gani?

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Ni ba na cikin masu cewa cin abinci a waje lalacewar al'ada ne, ko kuwa duk abincin da ya ƙetaro ruwa abin ƙyama ne. Mai wannan magana bai leƙa tukunyar gidansu da kyau ba. Alkubus da alkaki sunayensu kaɗai sun isa su gaya maka daga Larabawa muka same su, haka gurasar da Bakano yake alfahari da ita. Tumatir da barkono da tattasai da gyaɗa da rogo da masara duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ka cire su daga madafinmu ka ga abin da zai rage a miya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya jawo mutanen Siriya da Labanan waɗanda muke kira Kwara, shawarmar da ake ta rububi kuwa abincin yankinsu ne. Mu da muka haura arba'in mun san lokacin da awara ba ta cika bakin titi ba, alhali yadda ake daskarar da ruwan waken suyan nan dabara ce da mutanen Sin suka daɗe da ita. Indomie daga Indunusiya ta zo, ga shi yau babu teburin mai shayin da ba a soya ta da ƙwai. Cin abinci a waje ma ba yau aka fara ba: 'yan tuwo-tuwo a tasha, mai tsire a bakin kasuwa, mai waina da safe, duk sun girmi kakannin masu sayar da fiza. Bahaushe bai taɓa rufe bakinsa ga abincin baƙo ba, sai dai yakan sa masa yaji da ƙuli-ƙuli har ya zama nasa.

Saboda haka gidajen cin abincin nan da suka cika Nasarawa da Bompai da titin Gidan Zu gaskiya ne, suna nan, mutanenmu ne a ciki, kuma marubuci yana da cikakken ikon kai jarumansa can. Tun da aka buɗe Mr Bigg's na farko a Legas a 1986 irin wannan ciniki yake ta yaɗuwa a biranen ƙasar nan, yanzu a Kano a titi guda za ka samu mandi na mutanen Yaman, da biriyani na Indiya, da taliyar mutanen Sin. Ƙorafina shi ne, muna shiga wurin nan a kowane babi amma ba mu taɓa buɗe ido mun dube shi ba.

Bari in ba da nawa labarin. Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da Allah ya ɗaukaka ya matsa sai ya kai ni cin abinci a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje. Na tafi, kuma ba zan yi ƙarya ba, abincin ya yi daɗi. Amma abin da na gani a sa'a ɗaya da rabi ya fi ƙarfin duk abin da na karanta a littattafanmu. An miƙo mini takardar jerin abinci, ni da nake koyarwa shekara da shekaru na yi ta kallonta kamar wasiƙar jaki, a ƙarshe na ce a kawo mini irin na yaron nan. A teburin da ke kusa da mu wani magidanci ne da matarsa da 'ya'ya uku, na lura duk lokacin da yaro ya nuna wani abu, idon uban yakan fara sauka a gefen da aka rubuta farashi kafin ya ɗaga kai ya yi murmushi ya ce a kawo. Shi kansa ruwa kawai ya sha, ya ce wai ya ƙoshi. Can gefe wasu 'yan mata biyu sun sayi faranti ɗaya, sun fi minti goma suna ɗaukarsa hoto kafin su taɓa shi, har ya huce. Wani dattijo kuwa ya yi ta fama da wuƙa da cokali mai yatsu, da ya ga abin ba zai kai shi ba sai ya waiga hagu da dama, ya naɗe hannun riga ya yi bismilla da hannunsa, na ce a raina Allah ya yi maka albarka, baba.

Sai kuma sabis ɗin da ya kawo mana abinci. Da Turanci ya fara yi mana magana, yana ta lanƙwasa harshe. Da ya ji na ambaci Rano sai fuskarsa ta washe, ya sunkuyo ya ce, "Malam, ai ni ma mutumin wajen ne, bayan Bunkure." Na tambaye shi ko yana cin irin abin da yake ɗauko mana. Ya yi dariya ya ce shi idan an tashi aiki garau-garau yake saye a bakin titi, don farantin da ke gabana ya kusa lashe abin da yake samu a kwana biyu.

Ina tambayar 'yan'uwa marubuta, wa ya taɓa ba wannan yaro suna a littafinsa? A wurinmu sabis hannu ne kawai mai ajiye faranti. Uban nan da ya sha ruwa ya ce ya ƙoshi, ashe bai isa gajeren labari ba? Ga soyayya nan tsagwaronta, irin wadda ba ta bukatar mota. Amma ba za mu gan ta ba, saboda yawancinmu ba a gidan cin abinci muka samo gidan cin abincin da muke rubutawa ba, a fina-finan Indiya da na Turkiyya muka gan shi, ko kuma a littafin wani wanda shi ma a littafin wani ya gani. Kwafen kwafe ke nan, shi ya sa duk ɗanɗanonsu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai a matsayina na ɗan wannan yanki. Tumatirin da aka yanka a cikin shawarmar nan, da albasar, da shinkafar da aka soya aka ba ta sunan wata ƙasa, da wuya a ce ba daga wajenmu suka fito ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suke ciyar da birnin Kano. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga kwanduna jere iya ganinsa, ya kuma ga yadda manomi yake sayar da kwando a wulaƙance don kada ya ruɓe a hannunsa. A 2016 da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, mutane nawa ne suka shiga bashi a nan? Iyayen ɗalibaina ke nan. Su suka noma abin da ke cikin farantin jarumarmu, amma a littafin su ne "ƙauyawa" da ake kawowa don a yi dariya, masu ɗaukar askirim su ce fura ce ta daskare.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a tarurrukanmu. Za a ce mai karatu yana cikin wahala, mafarki yake nema, ba ya son a tuna masa da miyar kuka. Ni ban hana kowa mafarki ba, tatsuniyoyinmu ma cike suke da 'ya'yan sarakuna da gidajen zinariya. Sai dai ban taɓa jin tatsuniyar da yaro ya tashi daga gabanta yana jin kunyar tukunyar uwarsa ba. Mafarkin da zai sa yarinya ta yi wa malaminta ƙarya a kan abin da ta ci, ta kuma shiga gidan miji tana auna ƙaunarsa da yawan fitar da ya yi da ita cin abinci, wannan bashi ne muka ɗora wa mutane mu kuma muka koma gefe. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 Naira dubu 70 ne. Sai mai karatu ya lissafa da kansa sau nawa angon da ke kan wannan albashi zai iya yin abin da jaruminmu yake yi kullum da yamma. Ko babban kantin Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, wanda jarumanmu suka mayar kamar tsakar gidansu, ya rufe reshensa na Kano a farkon 2024. Kasuwa ta ji a jikinta, littattafanmu ne kawai ba su samu labari ba.

Wasu kuma za su ce ai kasuwa ce, abin da ake saye shi ake rubutawa. A shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya kira rubuce-rubucen nan adabin kasuwar Kano, marubuta sun yi ta tayar da jijiyar wuya, suna cewa su madubin al'umma ne, rayuwar mutane suke nunawa. To madalla. Idan madubi ne, ya nuna mana gidan cin abincin duka, har da ƙofar baya inda ake wanke-wanke da inda mai kwandon tumatir yake tsugune yana jiran kuɗinsa. In kuwa an dawo an ce kasuwa ce kawai, to a ba mutumin haƙuri, ashe gaskiya ya faɗa.

Ga masu tasowa da ke aiko da labaransu wannan mujalla, abin da nake roƙo ba shi da tsada. In za ka kai jarumanka gidan cin abinci, ka tara kuɗin lemo kwalba ɗaya ka je ka zauna a ciki, ka ji ƙarar janareto, ka ga wanda ke cin abinci da wanda ke kallon mai ci, ka tambayi sabis sunan garinsu. In kuwa ba ka da halin zuwa, ka zaunar da su a inda ka sani. Masoya suna iya faɗa wa juna magana mai ratsa zuciya a kan bencin mai shayi, ko a Karfi suna jiran a gasa musu masara, kuma attajiri ma yana cin dambu da zogale a gidansa ba don talauci ba.

Yarinyar nan dai na mayar mata da takardarta na ce ta sake. Bayan kwana biyu ta kawo mini shafi ɗaya da rabi a kan ɗanwaken da kakarta take yi ranar Juma'a: yadda tsohuwar take jiƙa kanwa tun da sassafe, yadda take jefa shi a tafasasshen ruwa da yatsu uku ba ta taɓa ƙonewa ba, da yadda jikoki suke faɗa a kan wanda zai suɗe kwanon mai da yaji. Na karanta wa 'yan ajin a bayyane. Da farko sun fara dariya ƙasa-ƙasa, can sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce ba haka ake yi ba, su a gidansu sai an sa garin kuka ya fi haka yawa, nan take aji ya kaure da gardama har aka kaɗa ƙararrawa.