Filin Manoma: Ruwan da ake ɗura wa tayar tarakta

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Katagum, masu tarakta a Azare ba su da sauran hutu, domin kowa so yake a huɗe masa gona kafin danshi ya wuce. To, a nan ne jigawa take nuna halinta. Sai a ga tayoyin baya suna juyawa suna haƙa rairayi, garma ba ta ci gaba, gas yana ƙonewa a banza, manomin da ya biya kuɗin haya kuwa yana tsaye yana kallo.

Maganin wannan shi ne a ƙara wa tayoyin nauyi, kuma mafi arha shi ne a ɗura musu ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, taya mai lamba 16.9-30 kuwa tana shan fiye da lita 250. Akan ɗaga tayar da jak, a juya ta har bawul ya koma sama, a ɗura ruwa ya kai bakinsa, wato kashi 75 cikin 100. Sauran wurin na iska ne, don tayar da aka cika fal ba ta lanƙwasa idan ta taka kututture. Dole ne kuma tayoyin biyu su sha daidai.

Amma wane ruwa? Littattafan da ke zuwa da tarakta daga Turai da Amurka sukan ce a haɗa shi da gishirin kalsiyam kulorayid. Dalilinsu sanyi ne, gudun kada ruwan ya daskare ya fasa taya. Hunturun Azare, duk tsananinsa, ba ya daskarar da ruwa cikin taya. Gishirin yana ƙara nauyi, gaskiya ne, sai dai idan tib ya huje yakan cinye ƙarfen wili da tsatsa. Maganin daskarewa na lagireto kuwa guba ne mai zaƙi, idan ya tsiyaye a gona awaki da karnuka na iya lasa su mutu. Ruwan rijiya mai tsabta, marar kanwa, ya wadatar.

Akwai gwajin da direba zai yi kafin ya nemi mai faci. Ya sa alli a jikin taya, ya auna tafiyar juyi 10 garma na ɗage, ya sake aunawa tana huɗa. In tafiyar ta ragu fiye da kashi 15 cikin 100, ana bukatar ruwa. In kuwa aikin ya koma fadamar Kogin Jama'are, a yi hattara: nauyi mai yawa yana danƙare laka mai danshi, saiwar shuka ta kasa ratsa ta.