RA'AYINMU: Ranar Da Maƙwabta Suka Ƙi Yin Shiru

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya ko ta Illela ko ta Maigatari ya san abin da ke faruwa idan aka ce “ɓarawo!” Kafin ƙiftawa da bismilla mai tebur ya bar teburinsa, mai awo ya ajiye tiya, ɗan kabu-kabu ya jingine mashin, kowa ya bi. Haka in gobara ta tashi a layin ƴan fetur, ba a tsayawa tambayar rumfar wa ce kafin a ɗauko bokiti. In dillalai biyu suka shaƙe juna a kan la'ada, nan take za a raba su a kai su gaban sarkin kasuwa. To amma mu ɗin nan, idan dare ya raba muka jiyo kukan matar maƙwabci ta bayan katanga, sai kowa ya gyara kwanciya ya ce tsakanin miji da mata sai Allah. A kan wannan shirun muke son yin magana yau, kuma za mu ɗauko zancen daga wani wasan kwaikwayo na talabijin da aka nuna a ƙasar Afirka ta Kudu a shekarar 1999.

Sunan wasan Soul City. Wasu likitoci ne suka kafa shi, ciki har da Garth Japhet da Shereen Usdin, bayan sun lura cewa yawancin cututtukan da ke kawo talakawa asibiti ana iya kauce musu da a ce mutane sun samu bayani tun da wuri. An fara nuna shi a 1994, kowane zango da matsalar da yake ɗauka. Zango na huɗu, na 1999, shi ne ya ɗauki dukan mata a gidan aure. Kashi 13 aka yi a talabijin, aka kuma mayar da labarin wasan rediyo cikin harsunan ƙasar saboda mutanen karkara, aka buga ƙananan littattafai aka rarraba.

Labarin wata mata ce mai suna Matlakala, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da mijinta Thabang, malamin makaranta wanda unguwa ke gani da mutunci. Masu shirin sun yi dabara a nan, domin ba su kawo mashayi ko ɗan iska ba, sai suka kawo mutumin da ake gaisarwa da girmamawa a hanya, irin wanda in an ce yana dukan matarsa za ka ce ƙazafi ne. Abin ya faro daga kishi da zargi da tsawa, ya kai ga mari, ya kai ga dukan da ya kwantar da ita a asibiti. Da ta kai kuka gida, mahaifiyarta ta ce ta yi haƙuri, haka aure yake, mace ce ke riƙe gida. Mahaifin mijin kuwa ya goyi bayan ɗansa da sunan al'ada. Maƙwabta suna jin komai, suna ɓacin rai, amma ba wanda ya ga hurumin shiga.

Wurin da har yau ake tunawa da wasan shi ne daren da maƙwabtan suka gaji. Ba su fasa ƙofa ba, ba su ɗaga wa Thabang hannu ba. Maza da mata suka fito da tukwane da cokula suka tsaya a ƙofar gidan suna bugawa, har ya gane cewa unguwa ta ji, ta gani, kuma ba ta yarda ba. Daga baya Matlakala ta nemi takardar kariya daga kotu, wadda ke hana miji kusantar matar da yake cutarwa.

Wannan takarda kuwa ba ƙagen masu wasa ba ce. A 1998 majalisar Afirka ta Kudu ta yi dokar hana cin zarafi a cikin gida, amma aka yi ta jan ƙafa wajen fara aiki da ita. Masu shirin suka haɗa kai da gamayyar ƙungiyoyin da ke yaƙi da cin zarafin mata, aka yi tarurruka da jerin gwano, aka buɗe layin tarho na kyauta da ake sanar da lambarsa tare da wasan. A ranar 15 ga Disamba, 1999, dokar ta fara aiki. Ta ɗora wa ɗan sanda nauyin ya gaya wa matar haƙƙinta, ya taimaka mata ta samu magani da mafaka, kuma in ya ƙi, shi ma ya yi laifi a wurin aikinsa. Masu binciken da suka bi sawun wasan sun ba da labarin unguwannin da mutane suka kwaikwayi bugun tukwanen, har a garin Tembisa aka samu waɗanda suka riƙa buga kwalabe da suka ga wani yana dukan budurwarsa. A Indiya ma, a 2008, an yi wani gangami a talabijin mai suna Bell Bajao, inda ake nuna maƙwabci yana danna ƙararrawar gidan da ake duka da hujjar neman wani ɗan abu, don kawai hannun mai dukan ya tsaya.

Kada mu yi wa masu karatu daɗin baki. Wasan bai kawar da dukan mata daga Afirka ta Kudu ba. A 2020, lokacin cutar korona, shugaban ƙasar Cyril Ramaphosa da bakinsa ya kira kisan mata da cin zarafinsu annoba ta biyu. Wasan kwaikwayo ba ya gyara zuciyar mutum dare ɗaya. Abin da ya iya yi shi ne ya nuna wa maƙwabci mai jin tausayi abin da zai yi da hannunsa a daren, ya kuma nuna wa matar ƙofar da za ta ƙwanƙwasa da safe. Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Ƙonni ko Ɗan Isa ko Magarya da abin da ya faru a can ƙarshen Afirka? Ruwansa shi ne maganar mahaifiyar Matlakala ita ce maganar da ake gaya wa ƴaƴanmu da ƙannenmu in sun yi yaji: ki koma, ki yi haƙuri, kowa da kike gani haƙuri yake yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kimanin mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi a rayuwarta, akasari daga mijinta ko wanda take tare da shi. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya gano cewa kusan mata 6 cikin 10 suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa a kan abubuwa irin su gardama, ko fita ba izini, ko ƙona abinci. Idan wadda ake duka ita kanta an reneta a kan cewa daidai ne, wa zai kai ƙara?

Zaman kan iyaka kuma yana da nasa nauyin da ya kamata mu faɗa wa juna. Aurenmu bai san duwan ba. Ƴar Maraɗi tana aure a Katsina, ƴar Daura tana aure a Matamaye, ƴar Kamba tana Gaya. Ranar lafiya wannan zumunci ne da arziki. Ranar da aka fasa mata baki kuwa, gidan ubanta yana wata ƙasa, kuɗin mota yana aljihun wanda ya doke ta, ga shingaye a hanya, ga yara da ba za ta iya kwasa ba. Mun ga yadda rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, suka karya jarin mutane da yawa. Mutum ya wuni kaya ba su shigo ba, naira ta faɗi a gaban sefa, mai bashi ya tsare shi a rumfa, ya haɗiye fushinsa saboda ba ya iya marin jandarma ko mai bashi, ya kawo shi gida ya sauke a kan wadda ba ta ci masa ko dala ba. Mun san zafin talauci, amma talauci bai taɓa zama hujja ba. Da shi ne sanadi, da duk matalauci yana duka, da kuma babu alhajin da matarsa ke ɓoye fuska da mayafi.

Tunda da ƴan kasuwa muke magana, bari mu yi lissafi. Matar da aka targaɗa wa hannu ba ta daka, ba ta tuyar ƙosai, ba ta kai fura kasuwa, zubin adashenta ya tsaya. Kuɗin magani daga jari zai fita. In ciki gare ta, ana iya rasa cikin, ana iya rasa ta. Yaron da ya kwana yana jin kukan uwarsa ba ya gane karatun safe, ko a allo ko a boko. Namijin yana koyon cewa haka ake zama maigida, macen tana koyon cewa haka ake zama matar aure, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In auren ya mutu, ƴaƴa su watse tsakanin kishiyar uwa da kaka da tasha. Wane ɗan kasuwa ne zai ga irin wannan asara a littafinsa ya ci gaba da cinikin?

Masu fakewa da addini kuma su ji tsoron Allah. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Kuma aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ashe shiga tsakani ba shisshigi ba ne. Gaskiya ne harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ba mu taɓa jin haƙori ya guntule harshe an ce a bar su su sasanta ba.

Ta fuskar doka ma ba a bar mace haka kawai ba. Ghana ta yi dokarta ta hana cin zarafi a cikin gida a 2007. Najeriya ta yi tata ta hana cin zarafin jama'a a 2015, jihohi da dama kuma suka amince da ita daga baya. A Nijar kundin hukunta laifuffuka yana hukunta duka da jin rauni da gangan, kuma igiyar aure ba ta wanke mai laifin. Sarakunan gargajiya suna da hurumin sulhu, alƙali yana nan, komisariya tana nan. Abin da ya rage shi ne matar ta san haka, kuma wanda ta tarar a ofis kada ya kore ta da cewa maganar gida ce.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori huɗu. Na farko maƙwabta. Ba lalle sai mun buga tukunya ba, domin muna da abin da ya fi ta, wato sallama. Mutum biyu ko uku su tsaya a ƙofar gida su yi sallama da ƙarfi, su kira maigidan da sunansa, kada su tafi sai ya fito. Kada a je shi kaɗai, kada a je da sanda, kada a rama mata da duka. In an ga jini ko makami, a kai ta asibiti a sanar da hukuma a daren, ba sai gari ya waye ba.

Na biyu iyaye da waliyyai. In ƴarku ta zo da kumburi, ku duba jikinta ku saurare ta kafin ku fara wa'azin haƙuri. Kada a mayar da ita a kan “ba zan sake ba” ta fatar baki. A zauna gaban liman ko mai unguwa da shaidu, a gindaya sharaɗi, a kuma bar mata hanyar da za ta kira gida. Tsoron a ce ƴar wane ta zama bazawara bai kai ɗaukar gawarta ciwo ba.

Na uku sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi. Kuna hana bashi ga wanda ya ci amana, kuna korar mai algus daga layi. Mutumin da kowa ya san yana farfasa wa iyalinsa jiki, ku kira shi ku yi masa faɗa kamar yadda za ku yi wa mai tauye mudu. Maganar abokin ciniki takan shiga inda ta suruki ba ta shiga.

Na huɗu masu wasan kwaikwayo da gidajen rediyo da talabijin. Mutanenmu ba baƙin wannan fanni ba ne. Yazi Dogo a Nijar da Samanja da Ƙasimu Yero a Najeriya sun daɗe da nuna cewa ana iya gyara jama'a ana dariya. Yau kowace rumfar mai shayi da parabol, kowane yaron shago da fim a wayarsa. Abin takaici, sau da yawa mari a finafinanmu ado ne: a kwaɗa wa mace, a sa kiɗa, a wuce. Muna so a nuna mana abin da ke biyo bayan marin, a nuna yaron da ke laɓe bayan ƙyaure, a nuna maƙwabcin da ya yi sallama, a nuna inda ake kai ƙara da yadda ake kai ta. Gidajen rediyon karkara, waɗanda muryarsu ke tsallake iyaka ba fasfo, su yi irin wannan wasa da Hausar kasuwa, su gayyato malamai da ungozomomi da alƙalai a tattauna bayan kowane kashi, a kuma faɗi wurin neman taimako na gaskiya da ke garin.

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wanda wannan magana ta taɓa, ƙofar gyara a buɗe take tun daga daren yau. Sauranmu kuma, in muka sake jiyo wannan kukan ta bayan katanga, mu tuna cewa wata rana ƴarmu ce za ta yi shi a wani gari, tana fatan akwai mai tashi ya yi sallama. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.