Akuyar Bihar da tef ɗin tela

A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, akuya dukiyar mace talaka ce, kamar yadda take a gidajenmu. Ita ke ba ta dusa, ita ke jinyarta, amma ranar sayarwa sai ɗan kasuwa ya zo ya ɗaga dabbar da hannu, ya lalubi gadon bayanta, ya yanke kuɗi. Shi ya san yawan naman da ke jikinta, mai akuya kuwa sai abin da aka faɗa mata.

A gundumar Muzaffarpur, Gidauniyar Aga Khan ta fara wani shiri a 2016 na horar da matan ƙauye da ake kira pashu sakhi. Suna bi gida-gida suna yi wa awaki rigakafi, suna ba su maganin tsutsar ciki, suna fiɗiye bunsuraye. Abin da ya fi burge ni shi ne suna auna akuya kafin a sayar. Da zarar mace ta san nauyin akuyarta, ba a ƙara taya mata yadda aka ga dama.

Inda babu sikeli, tef ɗin tela ya wadatar. A tsayar da akuya a ƙasa mai daidai, da safe kafin ta cika cikinta. A zagaya tef a ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba, ya kwanta a kan gashi ba tare da an matse ba. Sannan a auna tsawonta daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Lissafin da ake amfani da shi, wanda ake dangantawa da Schaeffer, shi ne a ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 10,840. Akuya mai ƙirji santimita 65 da tsawo 55 za ta kai kimanin kilo 21. Ƙiyasi ne, don da shanu aka fara shi, kuma akuya mai ciki takan ruɗa lissafin. Duk da haka ya fi ido nesa ba kusa ba.

Amfanin bai tsaya a kara ba. Maganin tsutsa da nauyi ake ba da shi. In aka rage, tsutsar da ta tsira sai ta saba da shi, har ya daina aiki. In aka zarce, dabba ta sha wahala, kuɗi ya tafi a banza.

Matanmu da yawa ba su ma zuwa kasuwa, yaro suke ba wa igiya, shi kuma ya miƙa wa dillali. Ina kira ga masana na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika su fitar da tef mai alamar kilo wanda ya dace da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, malaman dabbobi kuma su shiga da shi har cikin gida su koya wa mata.