Zauren Masu Mota: Tiyon Da Ake Toshewa Da Ƙusa

 A wannan wata za mu tattauna kan taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta a injin mai kafireto, irin na Peugeot 504 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968. Da yawa daga cikinmu da irin waɗannan tsofaffin motoci muke ciyar da iyali, ga kuma tsadar fetur.

Fetur ba ya ƙonewa nan take. Saboda haka dole wuta ta zo kafin fistin ya kai ƙololuwa, yawanci da digiri 5 zuwa 10 idan injin na silo. In ta makara, mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi. In ta yi gaggawa, sai a ji injin na ƙwanƙwasa a kan hawa, wanda kan lalata fistin.

To, a jikin distiribita, wato mai raba wuta, akwai wani ɗan gwangwani da siririn tiyo ya haɗa shi da kafireto. Idan direba na tafiya a miƙe bai danne totur ba, man da ke shiga kaɗan ne, kuma a hankali yake ci. Sai zuƙar injin ta ja fatar da ke cikin gwangwanin, wuta ta ƙara sammako. Da an danne totur, zuƙar ta ragu, wuta ta koma. Nan ne sauƙin mai yake.

Abin takaici, idan tiyon ya tsage, wasu makanikai sai su toshe shi da ƙusa, su ce ba shi da amfani. Mota za ta tashi kam, amma aljihu ne zai biya.

Ga yadda ya kamata a yi. Da farko a daidaita tazarar kwantak, kamar milimita 0.4, domin ita ma tana sauya taimin. A bar injin ya yi ɗumi, a cire tiyon a toshe bakinsa na ɗan lokaci. A haska fitilar taimin a kan alama, a murɗa distiribita har ta yi daidai da abin da littafin motar ya ce, a ɗaure. Sannan a tsotsi tiyon ta wajen gwangwanin: in farantin ciki bai motsa ba, fatar ta mutu, a sake ta. Daga nan a mayar da tiyo.

Kunne kaɗai ba ya auna digiri. Mu nemi makanike mai fitila. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.